Yadda Za Ka Zama Atis da Takalmi Ƙafa Ɗaya

Idan hannunka bai iya zana ko kaza ba, amma bakinka ya riga ya gaya wa gari cewa kai atis ne, to gyara zama, takardar nan taka ce. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan bi da bi, ba tare da ka sa hankalinka a ciki ba, za ka fitar da labulen hoto wanda mutane za su tsaya a gabansa su rasa ta cewa. Abin da zai sa su rasa ta cewar kuwa, sai ranar ta zo.

Ba ni na ƙago hanyar ba. Mai ita Nababa ne, mutumin unguwar Bukan Sidi a Lafia, mai sassaƙa hatimin roba, a shekarun da Lafia take ƙarƙashin Jos. Ba shi da shago. Abin da ya mallaka tebur ne mai ƙafa uku da rabi a barandar Terhemba mai ɗaukar hoto, kan hanyar kasuwa. Kada ka raina barandar nan. Tana da inuwa tun safe har la'asar, duk mai zuwa kasuwa ta gabanta yake bi, kuma duk mai shiga hoto a nan yake cire takalmi, domin Terhemba ya shimfiɗa sabuwar leda a ciki wadda yake ƙauna fiye da wasu danginsa. A nan Nababa yake samun masu son hatimi, daga hedimasta har sakataren ƙungiyar masu doya. In aka raba shi da barandar, an raba shi da tuwo.

Mataki na Ɗaya: Ka Fara da Baki

Kada ka taɓa fenti kafin ka yi suna. Masana sun bincika sun gano cewa yawancin manyan atis sun shahara ne tun kafin a ga aikinsu, wasu ma har suka mutu ba a gani ba.

Nababa ya sassaƙa wa kansa hatimi mai cewa NABABA ATIS, BUKAN SIDI. Yana buga shi a jikin tebur, da murfin rediyo, da ƙwaryar mai fura in ta juya baya. Saboda haka da gara ta cinye tsohon labulen da Terhemba yake tsayar da mutane a gabansa, mai hoton jirgin sama da bene, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Nababa ne ya fara dariya.

"Oga, wannan ai ba asara ba ce. Jirgin da ma kamar tarwaɗa yake. Ni in na zauna sai in yi maka wanda ya fi shi."

Terhemba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"To ka yi. Matata ya daɗe yana damuna in ba ƙaninsa Ushahemba wannan baranda, ya zo ya gyara agogo. In Sallah ya zo babu labule, ko labule ya zo kwastoma ya ƙi tsayawa, ka kwashe tebur naka. No be fight."

Nababa ya ce ba komai, har da ɗaga hannu. Amma shi kaɗai ya san rabonsa da zane tun firamare, ranar da ya zana rago malam ya yaba masa kujera.

Mataki na Biyu: Ka Samo Abin da Za Ka Ɓata

Ka je gidan burodi ka roƙi tsofaffin buhunan fulawa. Ka farke su, ka wanke, ka ba wanda ya fi ka haƙuri ya ɗinke su wuri ɗaya. Nababa matarsa Iyatu ya ba. Ta ɗinka, ta shimfiɗa a tsakar gida, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, giwa ce ta mutu a danginku kake haɗa mata likkafani?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Ka danne kusurwa huɗu da duwatsu, ka shafe yadin da ruwan sitaci don kada ya sha launi fiye da kima, ka kori awaki. Za su dawo. Ka sake korarsu.

Mataki na Uku: Launi Yana Cikin Madafi

Masu zuwa kanti sayen fenti ba su san gidansu ba ne. Bular wanki tana ba ka shuɗi. Zoɓo yana ba ka ja, lalle ya ba ka ruwan ƙasa, jar ƙasar bayan gida ta ba ka abin da ba shi da suna. Ƙa'idar ita ce ka fara da mai haske, ka bi da mai duhu. Ka tsoma guntun soson katifa ka rinƙa dangwalawa, sannan ka cika bakinka da ruwa ka fesa a kai kamar mai guga, launukan su narke su shiga juna. In maƙwabci ya leƙo ya ga kana tofa wa yadi ruwa, ka haɗe rai. Atis ba ya bayani.

Bayan haka sai haɗe-haɗe, wanda shi ne sirrin wannan salon. Duk abin da zai manne, ka manna shi. Nababa ya dama koko mai kauri ya liƙa takardun gwangwanin madara, da ɓawon agushi, da yashi, ya kuma barbaɗa riɗi don ado. Kafin azahar tururuwan Bukan Sidi kaf sun zo kallon aikin, suka tafi da riɗin har da ɗan kokon. Ka ɗauki wannan a matsayin yabo na farko.

Mataki na Huɗu: Komai Hatimi Ne

Yanzu ka shigo fagenka. Ka yanka kuɓewa a tsakiya, ka tsoma, ka buga: ga fure. Ka mirgina totuwar masara: ga tabarma. Marfin kwalba yana ba da wata, tsohon tif na keke kuma in ka bi shi da reza zai ba ka tauraro ko ganye. Ka tsoma sau ɗaya ka yi ta bugawa har launin ya ƙare, na farko ya fito sosai, na bayansa su rinƙa dusashewa kamar suna nesa. Ka bar wani ya hau kan wani. Ka bar wasu su faɗa bakin yadi rabi ciki rabi waje, don a ɗauka aikin ya fi ƙarfin wurin. In kana son fili a tsakiya, ka ɗora ganyen mangwaro ka buga a kansa, ka ɗage.

Doya ma tana yi, kuma ba ta da na biyu wajen laushin sassaƙa. Sai dai kada ka ajiye ta kusa da turmi. Nababa ya yini yana fitar da ɗawisu a jikin rabin doya, ya buga shi da bula, ya fita salla. Da ya dawo, sakwara shuɗiya aka kawo masa. Iyatu ta ce ita ba ta san a gidan nan akwai doyar da ta fi ƙarfin ci ba.

Mataki na Biyar: Ka Yi Gwaji, Ka Sha Kunya da Wuri

Nababa ya naɗe labulen ya kai shago yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Ja ga shi, shuɗi ga shi, har da ɗorawa. Terhemba ya rataye, ya ɗauka, ya shiga ɗakin duhunsa ya wanke. Da ya fito da hoton, babu fure, babu tauraro, babu wata. Toka-toka ne daga sama har ƙasa, kamar kunun da ya kwana.

"Kamara nawa ba ya ganin kala," in ji Terhemba. "Baƙi da fari kawai. Shekara nawa kana zaune a nan, ba ka taɓa duba hoto ba? Ina so abu mai ƙarfi, baƙi, wanda zai fito."

Gaskiya ce, bai taɓa dubawa ba. Wannan shi ne amfanin fara aiki da baki.

Da Nababa ya fito baranda, sai ya tarar da sabuwar ƙusa a bango, daidai saman teburinsa. Ushahemba ne ya zo ya kafa ta, inda zai rataye babban agogonsa. Nababa ya zauna a ƙarƙashin ƙusar, ya ji tsoro na gaske. Raguna sun riga sun cika bakin hanya, kuma bai san wata inuwa a Lafia da za ta karɓe shi ba.

Mataki na Shida: Ka Ari Abin da Ba a Ba Ka Ba

Yana zaune a haka sai ga Bobbo. Bobbo dattijon Bafulatani ne da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu kudu da arewa, da ƙafa ta gaji ya kafa ruga kusa da Arikya ya zauna. Kowace Babbar Sallah yakan kwaso gidansa duka a ɗauke su hoto, tun daga matarsa Daso har jikoki, don haka Terhemba ba shi da kwastoman da ya kai shi. Ya zo ne ya tuna masa cewa suna nan tafe ranar Sallah. Ya cire baƙin takalminsa na roba a baranda ya shiga, na hagun ya kife.

Nababa ya dubi ƙasan takalmin nan, ya ji abin da bai ji ba ranar aurensa. Zane ne kamar ɓawon kifi, layi bisa layi. Dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, garwashi ya ƙona tsakiyar ya bar lauje, ga kan ƙusa a wajen yatsu kamar ido. Babu rezar da za ta sassaƙa irinsa.

A nan ake gane atis. Kada ka yi shawara da zuciyarka, tana da surutu. Ka miƙa ƙafa, ka jawo, ka tura cikin buhun da ke ƙarƙashin tebur, ka ci gaba da fiƙe reza.

Bobbo ya fito, ya sa ƙafar dama, ta hagu ta tsaya a iska.

"Samari, ina ɗan'uwansa?"

"Wallahi Baffa, kamar na ga wani kare ya gifta."

Bobbo ya sauka daga siminti, ya sunkuya ya dubi yashin gaban baranda.

"Kare bai bi nan ba yau. Awaki sun bi. Mai keke ya bi. Wata mace ta bi da kaya a kai."

"Karen ba shi da nauyi, Baffa."

"To," in ji Bobbo. Ya cire na daman, ya rataye a kan sandarsa, ya kama hanya ba takalmi.

Na manta ban gaya maka ba: duk yankin Arikya, in saniya ta ɓace Bobbo ake kira ya bi sawunta. Da ka zaɓi wani. Amma atis ba ya zaɓen wanda zai ara wa, takalmi ne yake zaɓensa.

Mataki na Bakwai: Ka Buga

Ka kankare baƙin tukunya, ka haɗa da tawada da ɗan ƙaro don ya kama. Ka zuba a faranti. Ka zura hannunka cikin takalmin, ka tsoma, ka durƙusa.

Nababa ya fara daga saman labule ta hagu, yana rarrafe da baya yana bugawa. Bai yi layi miƙe ba. Ya karkata, ya zagaya fure, ya ratsa takardar madara, ya dawo. Inda tawada ta yi ƙarfi sawun ya fito baƙi ƙirin, inda ta ƙare ya zama inuwa-inuwa, sai ya sake tsomawa. Launukan da kamara ta ƙi gani suka koma baya suka zama kamar hazo. Da ya miƙe ya ja da baya ya duba, sai ya ga abin kamar gashin zabo, kamar ruwa yana gudu. Ya yi kyau. Nababa ya yi murna irin wadda ba ta buƙatar a gaya wa kowa.

Iyatu ta fito daga madafi ta tsaya.

"Malam, wa ya tattake mana aikin?"

Terhemba kuwa da ya wanke hoton gwaji bai ga takalmi ba. Ya ce dizain ɗin kamar na Legas.

Mataki na Takwas: Ka Sa Sunanka

Aikin da ba suna a jiki na kowa ne. Inda sawun ya ƙare, can ƙasa a kusurwar dama, Nababa ya ɗauko hatiminsa ya hura masa iska ya danna: NABABA ATIS, BUKAN SIDI. Ya fito tas.

Mataki na Tara: Ranar Biki Ka Tsaya Kusa da Aikinka

Ranar Sallah Nababa ya sa sabon takalmin fata, ya cire shi a baranda kamar kowa, ya shiga ya tsaya gefen labule don a tambaye shi. Bayan azahar a-kori-kura ta sauke gidan Bobbo. Suka cika shagon da ƙanshin man shanu da ƙarar warwaro. Bobbo ya shigo ƙarshe, takalmin daman nan yana lilo a kan sandarsa.

Terhemba ya jera su, ya zaunar da dattijon a kujerar tsakiya, ya ce kowa ya dubi kamara. Kowa ya duba ban da Bobbo. Ya waiwaya ya dubi labule. Ya tashi. Ya tsuguna.

"Wannan mutum ya hau bango," in ji shi.

"Baba, dizain ne," in ji Terhemba.

"Da ƙafar hagu kaɗai ya hau. Yana cin dunduniya ta waje. Ya taɓa taka garwashi." Ya ɗora bakin sanda a kan sawun farko ya fara bi. "Nan yana sauri. Nan ya gaji. Nan ya tsaya ya sha ruwa, ya tashi da ƙarfi."

Sandar ta karkata, ta zagaya fure, ta ratsa takardar madara, ta gangaro sannu a hankali har kusurwar dama. Nababa ya bi ta da ido. Ƙofa tana nan, amma jikokin Bobbo sun cike ta.

"Nan ya shiga gida," in ji Bobbo. "Mai hoto, ni ban yi boko ba. Me aka rubuta a ƙofar?"

Terhemba ya sunkuya ya karanta, a hankali, har da unguwar.

"Ashe karen yana da suna," in ji Bobbo.

Daso ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Terhemba bai yi dariya ba.

"Takalmin kwastoma, Nababa? A baranda nawa? Je ka kwashe tebur. Yanzu yanzu."

Nababa ya matso gaban Bobbo. Ya durƙusa.

"Baffa, na yi laifi. Kyau ya yi mini."

Bobbo bai dube shi ba. Labulen yake kallo har yanzu, kuma fuskarsa ta canza.

"Tun da na zauna a Arikya, sawuna bai wuce ruga da kasuwa ba," in ji shi. "Da can haka nake tafiya. Ba hanya, sai inda ciyawa ta kira."

"Haka yake tafiya," in ji Daso. "A karkace. Tun yana saurayi."

"Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Za a kai hoton nan gida, mutane su ce Bobbo da ƙafa ɗaya ya yi yawon duniya, yana tsalle kamar ɗan tsako." Ya sauke takalmin daga kan sanda ya miƙa wa Nababa. "Ungo. Ka cika mini tafiyata. Ba zan zauna a kujerar nan ba sai ƙafa ta zama biyu." Sannan ya juya wajen Terhemba. "In ka kore shi, kai za ka buga?"

Aka sauke labule aka shimfiɗa a rana. Nababa ya durƙusa da rigar Sallah, hannu cikin takalmin dama, Bobbo a tsaye a kansa da sanda yana nuna inda za a taka. Da Nababa ya ajiye sawun kusa da na hagu, sai sandar ta dungure shi.

"Buɗe taku, samari. Lokacin ni ba tsoho ba ne."

Nababa ya buɗe. Dattijon ya bi shi har ƙarshen yadin, kuma duk wanda yake wurin ya ga idonsa ya kawo ruwa. Da labulen ya bushe aka rataye, aka ɗauki hoton. Bobbo ya koma Arikya da sabon takalmin fatar Nababa, ya ce ya ɗan matse shi amma zai yi haƙuri.

Mataki na Goma: Ka Karɓi Sakamako

Tebur ya zauna. Ƙusar Ushahemba ma ta yi amfani, a jikinta Nababa ya rataye takalman Bobbo, dama da hagu. Sai dai daga ranar babu wanda ya ƙara barin takalmi a barandar nan. Kowa ya cire sai ya shiga da abinsa. Shi ya sa in ka ci karo da tsohon hoto daga shagon Terhemba, za ka ga mutum ya sha babbar riga, ya haɗe rai, ya rungume takalmansa a cinya, a jikin labulen bayansa kuma wani yana ta tafiya.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin sakwara shuɗiya, ko tururuwa, ko maganar da matarka za ta gaya maka a gaban maƙwabta. Ba ruwansa da sandar da za ta sauka a bayanka in mai takalminka bai kai Bobbo haƙuri ba, kuma yawancinsu ba su kai ba. In aka kama ka, ba ka san ni ba, ban san ka ba. In kuma ka zo gidana neman ƙarin bayani, ka yi sallama daga nesa, ka ba ni lokaci in kwashe takalman ƙofa.